Jiran Rabo Ba Aikin Mace Kaɗai Ba Ne

A gidajenmu amarya ba ta cika wata shida sai an fara leƙen cikinta. Shekara na zagayowa tambaya ta fito fili: "Har yanzu shiru?" Daga nan sai habaici a wurin biki, sai uwar miji ta aiko da jiƙo a gora, sai wata daga dangin miji ta furta kalmar juya a inda ta san za a ji. Sannu a hankali matar ta daina zuwa suna, ba don baƙin ciki da haihuwar wata ba, sai don gudun idon jama'a. Mutane kuwa su ce hassada ce.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 na manya yakan gamu da matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Wato a kowane taron suna akwai masu ɗauke da wannan nauyi, kowace tana zaton ita kaɗai ce. Har da wadda ta haifi ɗaya shekarun baya sannan abu ya tsaya, sau da yawa saboda ciwon sanyin da ba a magance ba ya toshe bututun mahaifa. Ita ma ba ta da bakin kuka, don za a ce ta gode wa Allah.

Mutum na farko da mace take buƙata a gefenta mijinta ne, kuma a nan aka fi samun giɓi. Likitoci kan fara bincike idan ma'aurata sun shekara suna tare babu ciki, ko wata 6 idan matar ta haura 35, kuma binciken na mutum biyu ne, domin namiji yana da hannu a kusan rabin matsalolin. Gwajin maniyyi ya fi na mata sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Amma ka leƙa layin ganin likitan mata: mata ne zalla a kan benci, kowace da katinta a hannu. Maigida yana gida yana cewa lafiyarsa lau, don ya ɗauka ƙarfin namiji shi ne haihuwa. Wani ma gara ya ƙaro aure ya gwada da ya je ɗakin gwaji. Namijin da aka gano matsalar daga gare shi take kuwa, shirunsa ya fi na matar zurfi, don babu majalisar da zai iya buɗe bakin wannan zance.

A 2016 wata 'yar Damagaram, Aïcha Macky, ta fitar da fim mai suna L'arbre sans fruit, inda ta juya kyamara kan rayuwarta ta matar aure marar ɗa, ta kuma zauna da wasu mata irinta suka yi magana a sarari. Abin da mata ke samu a irin wannan zama shi ne wadda ba sai an yi mata bayani ba. Ta san yadda zuciya take yankewa ranar da al'ada ta sake zuwa. Irin wannan zumunci kan ƙullu a bencin asibiti, ya koma ƙaramin zauren WhatsApp. Sai dai a kula, masu tallar maganin haihuwa sun iya shiga rigar tausayi. Duk zauren da ta'aziyyarsa ke ƙarewa da lambar asusun banki, a fita.

Idan barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, kuka ya zama na kullum har makonni, wannan ya wuce a ce a yi haƙuri. Ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma likitan da ke duba mahaifa zai iya tura mutum wurin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Masu shirin dashen ƙwai sun fi kowa buƙatar wannan, don aiki ne mai cin miliyoyi wanda ba kullum yake kamawa ba.

Malamai ma suna da abin faɗa wanda ba su cika faɗa ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma darajarta ba ta ragu ba. An yi mata alkunya da ɗan yayarta Asma'u, ana ce mata Ummu Abdullahi. Al'adarmu ta riƙo tana kusa da haka: ƙanwa ko yaya ta ba 'yar'uwarta ɗa ya tashi a ɗakinta. Yana sanyaya zuciya idan da yardar matar aka yi, kuma idan ba za a zo a ƙwace ɗan ranar da ya isa aike ba.