Dogon Wuyan Raƙumin Dawa: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Saɓani a Kansa

Da wuya a sami littafin da ya taɓo nazariyyar juyin halitta, wadda Larabawa ke kira taɗawwur, bai kawo misalin raƙumin dawa ba, ko don karantar da ita ko don yi mata raddi. Galibi akan ce kakannin wannan dabba sun yi ta miƙa wuya domin kaiwa ga ganyen da ke sama, har wuyan ya yi tsawo, 'ya'yansu suka gada. Sai a jingina maganar ga Darwin, alhali ba tasa ba ce. Ɗalibin da ya rushe ta yana zaton ya gama da nazariyyar, ya rushe abin da masu ita suka bari tun fiye da ƙarni guda. Sanannen abu ne wajen malaman usulu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa.

Tambaya kan asalin wannan dabba ta daɗe a littattafan Musulmi. Al-Jahiz, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya hakaito a Kitabul Hayawan da'awar cewa an same ta ne daga barbarar raƙuma da saniyar dawa da kura, sa'an nan ya ƙaryata ta, yana mai nuna cewa sunanta na Farisanci, wanda aka harhaɗa daga sunayen dabbobi uku, shi ya ruɗi mutane. Da'awar ta kai har cikin fiƙihu. Wasu malaman Shafi'iyya sun haramta cin namanta, kuma cikin dalilan da aka kawo har da zaton cewa ta fito daga abin da ake ci da abin da ba a ci, yayin da Taƙiyyuddin As-Subki ya rinjayar da halacci. Ko sunanta na Hausa yana iya ruɗarwa, domin ta fi kusa da shanu da bareyi a kan raƙumi.

Abin da ido ya tabbatar ba shi da saɓani. Namiji yakan kai mita 5 da rabi, wuyan kaɗai kamar mita 2. Amma ƙasusuwan wuyan bakwai ne, daidai da na ɗan Adam da akuya da ɓera, da kusan duk dabbobi masu shayarwa, in ban da kaɗan irin su ayu mai shida. Tsawon ya zo ne daga girman kowane ƙashi, wanda kan kai santimita 25.

Mai maganar miƙa wuya shi ne Bafaranshen nan Lamarck, a littafinsa na 1809. Ra'ayinsa shi ne abin da jiki ya samu ta yawan aiki yana wucewa zuwa zuriya. Wannan bai tabbata ba, kuma ba a bukatar ɗakin gwaji kafin a yi shakkarsa: al'ummomi sun shafe ƙarnoni suna yin kaciya da tsagar fuska, jarirai kuwa ba su zuwa da su. Bayanin Darwin, wanda ya faɗaɗa a bugu na shida na littafinsa a 1872, daban ne. Ya ce 'ya'yan garke ɗaya sun bambanta a tsawo tun haihuwa. Idan fari ya zo, waɗanda suka ɗan fi tsawo sukan kai ga abincin da ya gagari saura, su rayu su hayayyafa, a hankali siffar ta rinjaya. A nan muhalli ne ke tace bambancin da ya riga ya wanzu.

Hujjar da masana suka fi dogara da ita ita ce ƙasusuwan da aka tono. Akwai okapi, ɗan'uwan raƙumin dawa mai gajeren wuya da ke kurmin Kwango, wanda Turawa ba su siffanta shi ba sai 1901. Akwai kuma Samotherium, dabbar da ta ƙare, wadda aka samu ƙasusuwanta a tsibirin Samos na ƙasar Girka, aka ƙiyasta shekarunta da kimanin miliyan 7. Wuyanta yana tsakanin na biyun. A 2015 Danowitz da Solounias da abokan aikinsu suka nuna cewa ɓangaren ƙashin da ke wajen kai ne ya fara tsawo, ɓangaren baya ya biyo daga bisani. Ya kamata a lura cewa su kansu ba su ce Samotherium ce kakar raƙumin dawa kai tsaye ba, dangi ce ta kusa. Jera ƙasusuwan a matsayin silsila istinbaɗi ne, mai ƙarfi dai, amma ba a matsayin ganin ido yake ba.

Inda saɓani ya yi tsanani shi ne dalilin tsawon. A 1996 Simmons da Scheepers suka soki bayanin abinci, suna cewa sau da yawa ana ganin dabbar tana kiwo a daidai kafaɗarta, ba can sama ba. Suka danganta tsawon ga faɗan maza, waɗanda ke wulwula wuya suna dukan juna da kai domin mallakar mata. Mas'alar ta sake tasowa a 2022 da aka bayyana Discokeryx, wani tsohon dangi daga arewa maso yammacin Sin, mai kaurin ƙoƙon kai da ya dace da karo. Sai dai akwai tambayar da ta yi wa wannan ra'ayi nauyi: me ya sa mata ma ke da dogon wuya, alhali ba su wannan faɗa? A ɗaya ɓangaren, Cameron da du Toit sun yi gwaji a gandun Kruger na Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2007. Sun killace itatuwan ƙaya, suka gano cewa ƙananan dabbobi ne ke cinye ganyen ƙasa, don haka loma ɗaya a sama ta fi auki. Mizani ya fi karkata ga bayanin abinci, musamman idan aka tuna cewa 'yan watannin tsananin rani ne ke raba mai rayuwa da mai mutuwa, ko da dabbar ta yi sauran shekara tana kiwo a ƙasa. Babu kuma abin da ya hana dalilan biyu su haɗu.

Wuyan bai tsaya shi kaɗai ba. Zuciya mai nauyin kusan kilo 11 ce ke tura jini zuwa kai, da ƙarfin da ya ninka na mutum kusan sau biyu, abin da a jikin ɗan Adam cuta ne mai kisa. Binciken ƙwayoyin gado na 2016 ya ja hankali ga wata ƙwaya mai suna FGFRL1, a 2021 kuma aka sanya irin ta raƙumin dawa a jikin ɓeraye, suka jure wa hawan jini fiye da sauran. Yadda ƙashi da zuciya da jijiyoyi suka sauya tare yana cikin abin da ake ci gaba da bincike a kansa.

Mai son ganin dabbar ba sai ya je gabashin Afirka ba. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai ragowar raƙuman dawa na yammacin Afirka, waɗanda suka ragu zuwa ƙasa da 50 a 1996 kafin su haura 600. Da rani sukan koma ga gawo, wanda ke riƙe ganye lokacin da sauran itatuwa suka zubar. In sun zo shan ruwa kuwa sai sun tale ƙafafun gaba, domin duk tsawon wuyan bai kai ƙasa ba.