Ba Kowace Cutar Gida ce Gado Ba

Idan cuta ɗaya ta kama yara biyu ko uku a gida guda, abin da mukan ce shi ne, "a jininsu take." Muna so ɗalibanmu masu karatun kimiyya su riƙa bincike kafin su yarda da wannan magana.

A shekarar 2010 ƙananan yara suka yi ta mutuwa a Dareta da Abare cikin ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum. Sun haura 400. Likitoci suka gano gubar dalma ce. Ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a ƙasa, yara masu rarrafe suna kai hannu baki. Tsakar gida ce ta haɗa yaran nan, ba jini ba.

Gado na ainihi yana da ƙa'idarsa, kuma mutumin ikilisiya ne ya fara gano ta. Gregor Mendel Fada ne a birnin Brno, cikin ƙasar Cek ta yau. Ya haɗa wani irin wake mai tsawo da gajere, dukan abin da ya tsiro ya fito dogo. Da tsatson nan ya sake yin iri, sai gajeren ya dawo, ɗaya cikin huɗu. Ya buga bincikensa a 1866. Abin da ya nuna shi ne, kowane hali ana gadonsa ne ta ƙwayoyi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma wata takan ɓuya a bayan 'yar'uwarta ba tare da ta ɓace ba.

Haka amosanin jini yake, wato sikila. Mai jinin AS lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana waƙa a kwaya, amma yana ɗauke da S a ɓoye. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya haka suke. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana iya zama AA, ko AS, ko SS, kuma rabon SS ɗaya ne cikin huɗu. A lura, kowane ciki da nasa lissafin. Haihuwar mai sikila yau ba ta kare ƙannensa uku masu zuwa ba.

Shi ya sa muke roƙon matasanmu na Gummi, Anka da Bukkuyum su yi gwajin jini tun kafin magana ta kai ga iyaye. Fasto yakan sha wahala idan sakamako ya zo bayan an sa rana. Surukai kuma masu ɗora wa matar ɗansu laifi, su sani yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga wurin ubansa.