Maki nawa ke kai ɗalibi ga burs?

Da zarar sakamakon BAC ya fito, zancen matasa a fadojin shayi na Ƙonni, Malbaza da Illela ɗaya ne: “Mwayen ɗina zai kai ni ga burs kuwa?”

A Nijar bisa 20 ake auna maki. Mai 10 ya ci, 12 Assez-bien, 14 Bien, 16 Très-bien. Amma cin jarrabawa daban, samun burs, wato tallafin karatu na hukumar ANAB, daban. Musamman guraben karatu na Maroko da Aljeriya, waɗanda ƙidayayyu ne: ana jera masu nema daga sama, inda gurbi ya ƙare nan iyakar makin take. Shi ya sa iyakar bara ba lallai ta zama ta bana ba.

Mai son kintace ya ninka makin kowane darasi da nauyinsa, ya haɗa, ya raba da jimillar nauyin, ya sami mwayen ɗinsa. A sashen D, 8 a lissafi na iya cinye 15 na tarihi, abin da ɗalibai kan gano a makare. Sannan ya tambayi yayyensa na lise mwayen ɗin da ya kai su ga burs bara da bara waccan, ya ƙara ɗan rata a kai, ya kuma duba sharaɗin shekarun haihuwa a sanarwar ANAB.