Mai Bibiyar Jinya: Tsakanin Takardar Likita da Gidan Majiyyaci

Likita ya duba majiyyaci, ya rubuta magani, ya ce a dawo bayan wata uku. Daga nan kuma sai abin da hali ya yi. Wani ba shi da kuɗin mota, wata sai maigida ya yarda, wani da ya ji sauƙi sai ya watsar da maganin. Toshe wannan giɓi shi ne aikin mai bibiyar jinya, wanda galibi nas ne ko jami'in jin daɗin jama'a. Shi ke haɗa likita da ɗakin gwaji da masu biyan kuɗi da dangi, ya tabbatar ba a yi sakaci da kowa ba.

A Amurka aikin ya bunƙasa ne bayan 1983, lokacin da shirin inshorar tsofaffi na Medicare ya koma biyan asibiti kuɗi ƙayyadadde bisa irin cutar, ba bisa yawan kwanakin jinya ba. Sai sallama da wuri ta zama riba, aka nemi wanda zai tsara ta. Nan gizo ke saƙa: albashinsa daga asibiti ko kamfanin inshora yake fitowa, amanar da ya ɗauka kuwa ta majiyyaci ce.

A Najeriya an fi sanin waɗannan ma'aikata a asibitocin masu ɗauke da cutar ƙanjamau, albarkacin shirin PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu cutar sun kai kusan miliyan 1.9. Kowane ma'aikaci da jerin mutanensa. Ya san ranar karɓar magani da ranar ɗibar jini don auna yawan ƙwayar cutar. Wanda ya wuce ranarsa da kwana 28 ana lissafa shi cikin waɗanda suka katse magani, don haka tun kafin nan ake buga waya, in ba a ɗauka ba a bi sawu har gida. Zuwa gidan ma sai da dabara, domin a unguwa ido ya yi yawa, kuma sirrin majiyyaci ba abin wasa ba ne.

Dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 ya nuna cewa da kuɗin wasu muke wannan aiki. Ga masu hawan jini, ciwon suga da sikila, su ma jinyar rai-da-rai suke yi, amma da wuya a ji wani ya kira su. Ya kamata gwamnatocin jihohi su sa wannan muƙami cikin kasafin lafiya, su biya albashinsa da kansu.