Ko ka san tunkiya ce ta nuna wa likitoci hanyar ceto bakwaini?

A asibitocin haihuwa, idan mace ta zo da naƙuda cikinta bai kai ba, akan yi mata wata allura wadda ba don jikinta aka yi ba, don huhun abin da ke cikinta ne. Sunan maganin deksametazon, wani lokaci kuma a yi amfani da ɗan'uwansa betametazon. Asalin wannan allura a garken tumaki yake, a ƙasar Niyu Zilan.

Jikin mutum da na dabba suna da wasu 'yan ƙululu biyu a saman ƙoda, masu fitar da sinadarin kotizol, wanda ke kwantar da kumburi, ya kuma taimaki jiki a lokacin wuya. A 1957 masana haɗa magunguna suka ƙera deksametazon bisa tsarinsa, sai dai ya ninka shi ƙarfi kusan sau 25, kuma ya fi daɗewa a jiki. Shi ya sa masu bincike a kan dabbobi suka riƙe shi hannu bibbiyu.

Graham Liggins likitan mata ne a birnin Oklan, kuma tun farko ba huhu yake bincike ba. Abin da ya dame shi shi ne: me ke tayar da naƙuda? Uwa ce ke yanke lokaci ko ɗan da ke ciki? Ya san labarin wasu tumaki a jihar Aidaho ta Amurka da suka ci wata ciyawar daji mai dafi, 'ya'yansu suka samu tawaya a ƙwaƙwalwa, cikin kuma ya zarce lokacinsa ya ƙi fita. Sai ya shiga yi wa tumaki masu ciki tiyata. Idan ya lalata wani ɗan ƙululu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan tayin, wanda ke ba na saman ƙoda umarni, naƙuda ba ta zuwa. Ashe a wurin tunkiya, ɗan ne ke cewa lokaci ya yi.

Daga nan ya juya gwajin. Zai buɗe cikin tunkiya, ya zura wani siririn bututu a jikin ɗan tayin, ya ɗinke, uwar ta tashi ta ci gaba da cin abincinta, shi kuwa yana ɗura deksametazon kaɗan-kaɗan ta bututun. Tunkiya na ɗaukar ciki kusan kwana 147, amma waɗannan sai suka riƙa haihuwa a wajen kwana 120. Wannan ya zata. Abin da bai zata ba shi ne ya tarar huhun wasu daga cikin 'ya'yan ya ɗauki iska, alhali a wannan mataki ɗan tunkiya bai isa ya ja numfashi ba. Ya wallafa abin da ya gani a 1969.

Dalilin yana cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu. Idan babu wani ruwa mai santsi da ke shafe cikinsu, duk lokacin da jariri ya fitar da numfashi sai su manne kamar jiƙaƙƙiyar leda, buɗe su kuma ya fi ƙarfin ƙirjin bakwaini. Za ka ga haƙarƙarinsa na lotsawa, yana gurnani, leɓensa na sauya launi. Huhu ba ya yin isasshen ruwan nan sai ciki ya tsufa, maganin kuwa yana gaggauta shi.

Liggins ya haɗa kai da likitan yara Ross Howie suka gwada a kan mata 282, wasu aka yi musu betametazon, wasu ba a yi ba. Sakamakon ya fito a 1972: cutar wahalar numfashi ta kama kusan kashi 9 cikin 100 na jariran da aka yi wa iyayensu allurar, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 26. An ci sa'a ta fuska biyu. Mabiyiyar mace tana kashe ƙarfin kotizol kafin ya isa wurin ɗan, amma waɗannan na roba suna ƙetarewa. Sannan maganin da ke tayar wa tunkiya naƙuda ba ya tayar wa mace, da yana yi da zancen ya mutu tun a nan.

Abin takaici, likitocin duniya sun yi ta jan ƙafa sama da shekara 20, sai a 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yin allurar.

Maganin dai yana da kaifi biyu. Yana cikin ƙwayoyin da ake sha don a yi ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, kuma mai yawan shansa yana sayen ciwon suga, hawan jini da raunin garkuwar jiki da kuɗinsa. Ko a kan masu ciki ma, wani babban gwaji a ƙasashe shida masu tasowa da aka wallafa a 2015 ya nuna mutuwar jarirai ta ƙaru a inda aka yi ta raba allurar ba tare da an tabbatar da watannin ciki ba.

Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwaji a asibitoci 29 na Najeriya, Kenya, Indiya, Pakistan da Bangaladash, da mata 2,852. A 2020 aka ga mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin 100. Yanzu hukumar tana ba da shawarar allurar ga mai cikin mako 24 zuwa 34, da sharaɗin an tabbatar da makonnin cikin, ana sa ran haihuwa cikin kwana 7, uwar ba ta da alamar ƙwayoyin cuta a mahaifa, kuma asibitin yana da abin kula da bakwaini idan ya faɗo.