Mai Bindiga da Jami'an Tsaro: Abin da Ya Kamata Ka Sani



Yau za mu yi magana a kan mutumin da ya fito da bindiga a fili, sai ya gamu da ƴan sanda ko jandarma. Mene ne haƙƙinsa? Mene ne kuma ya wajaba a kansa?

Wannan magana ta shafe mu a jihar Maraɗi. A 2019 dubban mutane sun gudo mana daga Zamfara da Sakkwato da Katsina saboda ƴan bindiga. Satar shanu da satar mutane sun taɓa ƙauyukan Madarumfa da na Gidan Rumji. Jiratawa tana cikin gundumar Madarumfa, Tibiri kuma tana cikin ta Gidan Rumji. Saboda haka jami'in da ya hangi bindiga a kafaɗarka ba zai wuce ka ba. Daga nesa, bai san maharbi ne kai ko ɓarawo ba.

Da farko ka san wannan. A wasu jihohin Amurka doka ta yarda mutum ya rataya bindiga ya shiga gari. A Nijar ba haka ba ne. Tun 1963 akwai dokar da ta tsara mallakar makamai a ƙasarmu. Ba ka da ikon riƙe bindiga sai da takardar izini, kuma Ma'aikatar Cikin Gida ce ke da wannan aiki. Takardar taka ce kai kaɗai. Ba ta rufe ƙanenka ko ɗanka. Bindigar da ka gada wurin mahaifinka ma sai ka nema mata izini da sunanka. Harba-ka-ruga ta maƙeri ita ma bindiga ce a idon hukuma.

Idan farauta za ka, akwai wata takarda ta biyu. Dokar farauta ta 1998 ta ce sai da izinin farauta, wanda ake nema wurin ma'aikatan gandun daji. Izinin bindiga dabam, izinin farauta dabam.

To, a ce ka taso daga unguwar Zariya a nan Maraɗi, ka kama hanyar Jiratawa, sai aka tsai da kai. Yaya za ka yi?

Ka tsaya cik. Kada ka gudu. Kada ka kai hannu ga bindiga, ko da niyyarka ka miƙa ta ne. Ka bar hannuwanka a inda ake ganinsu. Ka yi sallama, ka ce: "Ranka ya daɗe, ina da bindiga, takarduna suna cikin aljihu." Ka faɗi ko da harsashi a ciki ko babu. Kada ka sa hannu a aljihu sai an ce ka fito da su. Jami'i yana da iko ya nemi katin shaidarka da takardar bindiga, ya kuma duba ko lambar da ke jikin bindigar ta yi daidai da ta takarda.

Yanzu ga haƙƙinka. Ko kana da takarda ko ba ka da ita, kai ɗan ƙasa ne, doka ba ta yar da kai ba.

Na ɗaya, kana da ikon tambaya, cikin ladabi, a kan wane laifi aka kama ka.

Na biyu, doka ta hana duka da azabtarwa. Ba a tilasta wa mutum amsa laifi da bulala.

Na uku, idan an tafi da kai ofishin ƴan sanda ko na jandarma, tsarewa tana da iyaka. A laifi na yau da kullum sa'a 48 ce, wato kwana biyu. Ba a ƙara wasu sa'a 48 sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Zargin ta'addanci yana da nasa wa'adi mai tsawo. Ka ga dalilin da ya sa bai kamata ka yi wasa da maganar bindiga ba.

Na huɗu, kana da ikon neman lauya. A 2014 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar take ciki, ta kafa ƙa'ida cewa lauya yana iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi.

Na biyar, idan an karɓe bindigarka, sai an rubuta a takardar bincike. Ka nemi a rubuta irinta da lambarta. Idan an ci ka tara, ka nemi takardar shaidar biya. Kada ka ba da cin hanci, domin mai bayarwa da mai karɓa duka masu laifi ne.

Na shida, a nan ne karatunka zai yi maka rana. Ana rubuta bayaninka da Faransanci. Kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa, sai an karanta maka an fassara da Hausa. Idan abin da aka rubuta ba shi ka faɗa ba, ka ce a gyara. Wannan takarda ita alƙali zai duba.

Idan kana ganin an zalunce ka, bakin hanya ba wurin gardama ba ne. Ka riƙe rana da wuri da sunan shaidu, ka rubuta su da hannunka. Daga baya ka kai kuka kotu, wurin mai gabatar da ƙara.

Wanda kuma yake da bindiga a ɗaki ba takarda, kada ya jira a kama shi. A 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wadda ake kira CNCCAI. A ranar 25 ga Satumba 2000 an ƙone makamai a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Ka je wurin mai gari ko hakiminku, ya raka ka wurin hukuma, a nuna maka yadda za ka miƙa ta.

Ga aikin wannan mako. Kowane ɗalibi ya rubuta haƙƙoƙin nan shida a littafinsa, ya karanta wa maharban garinsu da ƴan sintiri.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.