Tsare Mutum Ba Tuhuma

A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa Doka Ta Biyu, wadda ta ba mataimakinsa, Tunde Idiagbon, ikon tsare mutum wata uku ba tuhuma, in ya ga dama ya ƙara, ba alƙalin da ya isa ya ce don me. A zamanin nan ne aka tsare tsofaffin gwamnonin Kano, Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo. Sai 1999 aka soke ta.

To, malamai, ku sanar da jama'a. Yanzu sashe na 35 na tsarin mulki ya ce in da kotu cikin kilomita 40, lalle a gabatar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya. Mutumin Unguwar Gano kuwa, ga kotu nan Gyaɗi-Gyaɗi.